Mata da Jinyar Damuwa ta Wayar Hannu



Batun da muka kawo gabanku a yau batu ne da aka saba rufe shi da kalmar "haƙuri". Yarinya ta daina barci, ta daina cin abinci, karatu ya gagare ta, sai a ce ta yi haƙuri. Mai jego ta wuni tana kuka ba ta san dalili ba, sai a ce aljanu ne, ko kuwa sammun kishiya. Alhali sau da yawa ciwo ne sananne, watau ciwon damuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kama mata fiye da maza. A lissafin hukumar, a ƙasashe masu tasowa, kusan mace 1 cikin 5 da suka haihu takan gamu da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, mafi yawa wannan ciwon.

To, ina za ta nufa? Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau. Amma likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kawai a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Kuma kowa a nan ya san abin da za a ce da budurwar da aka gani a ƙofar Dawanau. Dokar ƙasa ma ta daɗe tana taya mu wannan tunani, domin dokar mahaukata ta 1958 ce aka yi ta aiki da ita har zuwa 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

A nan ne wayar hannu ta shigo. Tun zamanin kullen korona a 2020, ƙwararru da yawa suka koma ganawa da marasa lafiya ta waya da intanet. Kada mu ɗauka wani baƙon abu ne. A 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara ajiye majinyata a ƙauyukan Aro, kusa da Abekuta, tare da danginsu, domin ya lura mutum ya fi samun sauƙi idan ba a raba shi da muhallinsa ba. Abin da wayar ta yi shi ne ta kai mai maganin har cikin ɗaki, har wurin matar da ke kulle.

Wadda ta yi niyyar farawa, lalle ne ta fara da binciken wanda za ta buɗe wa cikinta. Ta tambayi sunansa, da inda ya yi karatu, da asibitin da yake aiki; idan likita ne, sunansa yana cikin rajistar hukumar likitoci ta ƙasa. Masu ba da shawara a dandalin sada zumunta sun yi yawa, kuma yawan mabiya ba takardar shaida ba ne. Tana da ikon neman mace idan haka ya fi mata, da kuma wadda ke jin Hausa, gama baƙin ciki ba ya fitowa sosai da harshen aro. Ganawar kanta takan ɗauki kusan sa'a guda, sau ɗaya a mako. A ta farko tambayoyi ne: barci, abinci, aure, karatu, abin da ke dawowa cikin zuciya da dare. Daga baya ake koya mata yadda za ta kama mugun tunani ta auna shi, ta kuma koma ga ayyukan da ta watsar. Ba a hana ta addu'a ba, ba a kuwa ce ta bar sallarta ba.

Sai dai wayar tana da iyaka. Mai jegon da ta fara jin muryoyi ko ta rikice, da wadda ke tunanin kashe kanta, asibiti za a kai su a ranar, ba jiran ganawar mako mai zuwa ba.

Babbar matsalar kuwa, a ganinmu, ita ce sirri. Wayar matar aure sau da yawa ba tata ba ce ita kaɗai. Ɗalibar da ke kwana da mutum 6 a ɗaki, a ina za ta yi kuka ba a ji ta ba? Ga kuɗin data, ga kuɗin ganawa, ga wutar da ba ta tsayawa. Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su nema mana ɗaki guda a ɓangaren kwanan mata, mai ƙofa da makulli da wurin cajin waya, wanda ba a rubuta kome a jikinsa ba, kuma ba a ajiye littafin sa hannu a bakinsa ba. Za mu gabatar da wannan buƙata a rubuce a zaman majalisar ɗalibai mai zuwa, muna kuwa fatan 'yan'uwanmu maza za su ɗaga hannu tare da mu.