An Sakar Wa Kasuwa Mara, Talaka Ya Shiga Uku

(Jawabin da na gabatar a zaman tattaunawar matasa da manoman Magarya da Dungas. Mun sa shi a nan domin waɗanda ba su samu zuwa ba.)



Iyayena maza da mata, malamaina, yayyena da ƙannena, barkanmu da haɗuwa. Ina gode wa waɗanda suka taso tun daga Dungas, Malawa da Dogo-Dogo, da na Bande, Waca da Sassumburum. Na san kuɗin mota yanzu ba wasa ba ne, Allah ya saka da alheri.

An ce in yi magana a kan tsarin da 'yan boko ke kira "kasuwa mai 'yanci", da abin da ya jawo wa mai cin guminsa. Tun farko in faɗa: mu ba maƙiyan kasuwa ba ne. Kakanninmu fatake ne, sun kai goro da kanwa inda mota ba ta zuwa. Duk ranar Alhamis mutanenmu na kora dabbobi Maigatari. Abin da nake magana a kai daban ne. Tsari ne da ke cewa gwamnati ta janye hannunta: kada ta tsaida farashi, kada ta tallafa wa taki, ta saida kamfanoninta, ta rage ɗaukar ma'aikata, kowa ya biya kuɗin likita daga aljihunsa. Wai in an yi haka, kasuwa za ta daidaita komai da kanta.

To, mu duba abin da ta daidaita mana.

Dattawan da ke nan sun fi ni sanin zamanin gyaɗa. Kafin uraniyom, gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje, kuma ƙasarmu ta Magarya da Matamai na cikin cibiyoyinta. A 1962 aka kafa SONARA domin sayen gyaɗa, aka kafa UNCC domin ƙungiyoyin manoma da bashi. A 1970 aka kafa OPVN domin cimaka. Nan Magarya har masana'antar matse man gyaɗa aka yi, SEPANI. Gaskiya ɗaya ce, wancan zamanin ma talaka ya sha wuya: farashin da ake ba manomi kaɗan ne, ga bulalar haraji, shi ya sa wasu ke tsallaka da gyaɗarsu Najeriya cikin dare. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman. Amma duk da haka akwai ƙofar da manomi ya san zai ƙwanƙwasa in ya rasa iri ko bashi.

Da kuɗin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya shaƙe ƙasa. A 1983 aka sa hannu da Asusun Lamuni na Duniya, FMI, a 1986 Bankin Duniya ya zo da nasa sharuɗɗan. Ɗaya bayan ɗaya aka rufe ƙofofin nan. UNCC ta watse, bankin bashin manoma ya mutu, SONARA ta bi shi, OPVN aka bar ta da tsaron ɗan abin da aka ajiye don ranar masifa. Ginin da ke yoyo gyara yake so, amma su sai suka rushe shi, suka bar mu a fili.

Kuma mutane ba su yi shiru ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito a Yamai suna ƙin tsarin tsuke bakin aljihu a harkar ilimi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Magani, taki, kayan gyaran injin, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle, aljihun talaka yana nan inda yake. Ni da sa'o'ina bayan wannan aka haife mu, a cikin tsarin muka buɗe ido, shi ya sa da yawanmu ke zaton haka duniya take tun fil azal.

Yanzu mu sauko gona. Kowa a nan ya san lissafin. Da kaka manomi na da hatsi, ba shi da kuɗi. Ga bashin da ya ci da damina, ga biki, ga tufafin yara, ga mara lafiya. Dole ya kai kasuwa a lokacin da kowa ke kaiwa, tiya ta faɗi warwas. Mai kuɗi ya saye, ya zuba a sito, ya kulle. Watan Yuni, Yuli, rumbu ya ƙare, mutumin nan dai ya dawo yana sayen hatsin da ya noma da hannunsa a ninkin kuɗi. In ba shi da kuɗin, ya ci buhu ɗaya a kan zai biya biyu da kaka. Ko ya bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samu na tuwon dare, amfanin gonarsa ya ragu, baɗi ya fi bana muni. Ku gaya mini, a cikin mutum biyun nan wa ke da 'yanci? Mai sito zai iya jiran wata shida. Mai yara bakwai ba ya iya jiran kwana biyu.

Shekarar 2005 ta nuna mana ƙarshen wannan hanya. Damina ta 2004 ta zo da gardama, ga fara, amma hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Yana nan jibge, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin mutane, buhu ya kai wajen jaka 30 a wasu kasuwanni. Wata da watanni hukuma da masu ba ta tallafi suna jan ƙafa a kan rabon abinci kyauta, wai kada a ɓata kasuwa. Sai a watan Agusta aka fara rabo sosai, lokacin da Kofi Annan da kansa ya zo Damagaram. A shekarar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tsananin tamowa a Nijar, kuma yawancinsu daga kudancin Maraɗi da Damagaram suke, wato inda aka fi noma. Ina ɗan lakkol a lokacin, ban manta layin uwaye da goyo ba. An kiyaye lafiyar kasuwa, an bar lafiyar yara.

A farkon shekarar nan ce kuma aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan madara, sukari, fulawa, ruwan famfo da lantarki. Ku riƙe wannan, don akwai darasi: ranar 15 ga Maris 2005 jama'a suka cika titunan Yamai, aka bi da ranakun zaman gida har Damagaram da Maraɗi, aka kama su Nuhu Arzika da Musa Cangari, amma a watan Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan harajin. Talaka in ya haɗa kai ana jin sa.

Haka abin yake a likita da lakkol. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka ce mara lafiya ya biya. A 2006 aka ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, madalla, amma kuɗin da ya kamata a mayar wa gidajen likita ya riƙa makara, sai uwa ta fito da takardar magani a hannu. A makaranta kuwa, daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar malaman kwantiragi da ɗan albashi, har suka zama su ne mafi yawa a firamare. Malamin da ke tunanin bashin mai shago, yaya zai natsu ya koyar da yara saba'in cikin rumfar zana? Mai hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi, ɗan talaka ya gaji talaucin ubansa.

Mu na bakin iyaka kuma dukan biyu muke sha. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai, bayan 'yan makonni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Matasanmu masu saida mai a kwalba bakin hanya sana'arsu ta girgiza. Ɗan ci-rani ya yi wata biyar yana ga-ruwa ko dako a Kano, ya canza kuɗinsa zuwa sefa, ya ga ba su kai na buhu biyu ba. Ba a tambaye mu ba, amma da mu aka biya.

Iyayena, abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da tsarin nan ya yi wa halinmu. Da, gayya ake kira a nome gonar tsoho ko ta gwauruwa, ladan fura da godiya. Yau ko ɗan ɗakinku sai an yi ciniki. Da, gona aro ake bayarwa. Yau jingina ce, daga jingina sai sayarwa, mai gona ya koma lebura a gonar ubansa. Ciyayya tsakanin maƙwabta ta ja baya, kowa ya ja ƙofarsa. Yaro ya tashi ya ga wanda ya ɓoye hatsi har ya yi tsada shi ake ba sahun gaba, ba mai tambayar ina ya samo. Alhali addininmu ya hana ɓoye abinci don ya yi tsada, ya hana riba, ya wajabta zakka.

Ku tuna Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, yawancinsu mata da yara daga Kance, nan maƙwabtanmu. Matar Bahaushe da aka sani da kunya, me zai fitar da ita bara wata ƙasa da goyo a baya? Kada mu tsaya ga zagin su. Ba mutanenmu ne suka lalace haka kawai ba. Tsarin da ke saka wa mai handama, ya hukunta mai tausayi, shi ke sauya hali sannu a hankali.

To, mene ne abin yi? Abu huɗu nake roƙo mu ɗauka daga nan.

Na farko, kowane gari ya tada bankin cimaka da ajiyar jingina ta ƙungiya: manomi ya ajiye buhunsa da kaka, ya karɓi ɗan bashi, ya fanshe shi lokacin tsada. An gwada wannan a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, yana aiki in akwai amana. A sa mata cikin kwamiti, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a.

Na biyu, mu nemi OPVN ta sayi hatsi kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma da kaka a farashi mai mutunci. In an kawo na sauƙin farashi, a liƙa adadin buhunan kowace komin a fili, mu kuma mu ƙirga.

Na uku, ragin kuɗin mai da na asibiti da aka yi a 2024 abin yabo ne, kuma ya nuna hukuma na iya sa hannu in ta so. Aikinmu mu bi sawu mu ga ragin ya iso ƙauye. Hana fitar da hatsi waje kuma yana sauƙaƙa wa mai saye, amma in ba a tallafa wa manomi da taki da iri ba, a kansa nauyin zai faɗa.

Na huɗu, mu matasa, kowace fada ta ɗauki gonar tsoho ɗaya ko ta marayu ta nome a daminar bana. Wannan ba ya jiran izinin kowa.

In wani ya ce ba za mu iya ba, ku nuna masa gawon da ke gonakinmu. Manoman Magarya, Matamai da Mirya ne suka raya miliyoyin itatuwa da hannunsu, ta hanyar barin tsiro da yarjejeniyar gari a kan sara, har masana na zuwa daga ƙasashen waje su gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mu ai ba hannu ɗaya ba ne.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu shugabanni masu tausayin talaka. Yanzu fili naku ne, musamman iyayenmu mata, don ku kuka fi kowa sanin kuɗin tiya.