Shiru Ba Rashin Ƙauna Ba Ne

Zan ba ku labarin mutanen Finlan, wata ƙasa mai tsananin sanyi can arewacin Turai.

Mutanen nan ba su da yawan magana. Gaisuwarsu gajeriya ce, ba irin tamu ba da mu kan tambayi gida da gajiya da iyali. Abokai biyu su kan daɗe zaune shiru, ba wanda ya damu. Da wuya mutum ya ce wa wani yana ƙaunarsa, gama a wurinsu kalmar tana da nauyi. Baƙo ya kan ce zuciyarsu ta bushe. Ba haka ba ne.

A zamanin wani manomi mai wa'azi, Paavo Ruotsalainen, wanda ya rasu a 1852, aka yi babbar farkawa a ƙauyukansu. Masu bi su kan taru a gidaje, su raira waƙoƙi sannu sannu, jawabi kuwa kaɗan ne. Abin da baki ya kasa faɗi, a cikin waƙa ya ke fita.

Ku duba aikinsu kuma. A 1870 'yan mishan ɗinsu suka isa ƙasar Ovambo, a Namibiya ta yau. Sai a 1883 aka yi baftisma ta fari a can. Ɗayansu, Martti Rautanen, ya zauna cikin mutanen fiye da shekara 50, ya juya Littafi Mai Tsarki cikin harshensu, a can kuma ya mutu a 1926. Wace magana ce za ta fi wannan nuna ƙauna?

Mu ma mun san kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, amma wa zai ce ba ta sonsa? Saboda haka kada mu shar'anta ɗan'uwa mai shiru cikin ekklesiya, mu ce bangaskiyarsa ta yi sanyi. Allah yana duban zuciya.

Amma kada kunya ta zama mana mari. Ubangijinmu bai ɓoye hawayensa ba a kabarin Li'azaru. In ka yi wa wani laifi, buɗe baki ka roƙi gafara. In tsohon da ya fara koya maka karatu yana nan cikin taron nan, je ka gode masa yau, tun yana ji.

Allah shi taimake mu. Amin.