Jawabin rediyo: Ƴan sandan garinmu su nawa ne, kuma wa zai gaya muna?

Muna gaida malamai da ɗalibai na cibiyoyin karatun manya da suka taru gindin rediyo a wannan dare. Hirarmu ta yau ta shafi ƴan sandan gari, da labarin da ya kamata ya riƙa gudana tsakaninsu da mutanen da suke tsaro.

Bari mu fara da misali. A ce wani magidanci ne a unguwar bayan gari, sana'arsa kabu-kabu. Ƙarfe biyu na dare ya ji motsi a tsakar gida. Kafin ya fito, an fita da babur ɗin da yake ci da iyali da shi. Bai san lambar da zai kira ba. Bai san kwamisariyar da ke kula da unguwarsa ba. Maƙwabci ya ce masa: "Kada ka wahalar da kanka, ko ka je ba su zuwa." Sai ya haƙura da kai ƙara. Bayan mako biyu aka yi ihun ɓarawo a unguwar, matasa suka fito da sanduna, suka taru a kan wani yaro baƙo. Ba wanda ya tsaya tambaya.

Jama'a, ku duba wannan labari da kyau. An yi asara biyu: babur ya tafi, yaro ya sha duka, wataƙila ma ba shi da laifi. Mafarin duka biyun rashin sani ne, kuma Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Masu kaki iri uku

Da farko sai mu rarrabe masu tsaron cikin gida, don mutane da yawa suna haɗa su wuri ɗaya. A ƙasarmu Nijar iri uku ne.

Na ɗaya, ƴan sanda na ƙasa. Suna ƙarƙashin ministan cikin gida, aikinsu a birane da manyan garuruwa yake. Su ne ke karɓar ƙara a kwamisariya, su yi bincike, su gyara zirga-zirgar motoci, su duba takardun masu shiga da fita ƙasa a bakin iyaka, kamar a Ɗan Isa, kan hanyar Jibiya da Katsina. Babbar ma'aikatarsu tana Yamai, kowace jaha kuma tana da darektanta.

Na biyu, jandarmomi. Su sojoji ne, suna ƙarƙashin ministan tsaron ƙasa. Ƙauyuka da karkara da manyan hanyoyi ne rabonsu. Mutumin ƙauye da aka sace ma sa, birgadin jandarma zai nufa.

Na uku, ƴan garda na ƙasa, magadan waɗanda tsofaffi ke kira gardi sarki. Su ma ministan cikin gida ke riƙe da su. Suna tsaron gidajen kaso, da ma'aikatun gwamnati, da shugabanni, suna kuma aiki a daji mai nisa.

Bayan waɗannan, manyan birane suna da ƴan sandan magajin gari, masu kula da tsarin kasuwa da tasha da tsabtar titi. Binciken kisa ko fashi ba aikinsu ba ne. Wanda ya san wannan rabon aiki ba zai ɓata yini yana yawo daga ƙofa zuwa ƙofa ba.

Gari ya girma

Yanzu mu ɗauki birnin Maraɗi don mu gane batun yawan ma'aikata. Tsohon gari a cikin fadamar Gulbi yake. A shekarar 1945 ruwa ya ci shi, aka hau da shi bisa tudu. A lokacin unguwanni kaɗan ne, irin su Bagalam, Mokoyo, Ƴandaka, Limanci, Maradawa da Ɗan Gulbi. Kowa ya san kowa. In baƙo ya sauka, kafin rana ta faɗi mai unguwa ya ji, dogarin sarki ma ya ji.

Ƙidayar jama'a ta 1977 ta samu mutum wajen dubu 44 a Maraɗi. Ta 1988 ta samu wajen dubu 110. Ta 2001, wajen dubu 148. Ta 2012 kuwa, sama da dubu 260. Ke nan cikin shekara 35 garin ya ninka har sau shida. Ƙasar baki ɗaya ta tashi daga mutum miliyan 5 da ƴan kai a 1977 zuwa miliyan 17 da ƴan kai a 2012. Sababbin unguwanni sun miƙe, irin su Zariya da Ali Ɗan Tsoho, har aka raba birnin gunduma uku. Haka Damagaram take da biyar, Tawa biyu, Yamai biyar.

Gina gida a bayan gari aikin wata shida ne ko shekara. Samar da ɗan sanda ya fi haka ɗaukar lokaci. Sai gwamnati ta ware kuɗi, a buɗe jarrabawar ɗauka, wadda ake ce ma konkur, a kai waɗanda suka ci makarantar ƴan sanda ta Yamai, su yi horo, sa'an nan a rarraba su cikin jahohi takwas. Kowace shekara kuma wasu suna tafiya ritaya, wasu ana canza masu wurin aiki. Don haka gari yana iya cin gaba da faɗi alhali hannun da ke tsaronsa bai ƙaru daidai da shi ba.

Mu yi lissafi tare

Ɗalibai, ku ɗauko allo da alli. Kwana ɗaya awa 24 ne. Mako kwana 7 ne. 24 sau 7 ya ba mu 168. Dokar ƙwadago ta tanadi awa 40 a mako ga ma'aikaci. In muka raba 168 da 40, za mu samu 4 da ɗan saura. Ma'ana, duk wurin da ake so a samu mutum ɗaya tsaye dare da rana ba yankewa, sai an tanadi mutum 5. Ƴan sanda kan wuce awa 40 nesa ba kusa ba, amma su ma ƴan Adam ne, dole su yi barci.

To, a ce wata kwamisariya tana da mutum 40. Wannan misali ne muka ƙaga don lissafi. Kwamishina da masu bincike da masu rubutu, mutum 10. Saura 30. Tsaron ƙofa, mutum 5. Saura 25. Teburin karɓar jama'a da amsa tarho, mutum 5. Saura 20. Kasuwa da tasha da mahaɗar hanyoyi da rana, mutum 8. Saura 12. Masu hutu, da marasa lafiya, da waɗanda suka tafi ƙarin horo, mutum 4. Saura 8. Waɗannan 8 su ne na sintirin dare. In aka raba su kashi biyu don su riƙa karɓeɓeniya, kowane dare mutum 4 ne ke fita, a mota ɗaya.

Kun gani? An ce maka mutum 40, ka ɗauka rundunar yaƙi ce. Amma ƙarfe biyu na dare mutum 4 ne ke zagaya unguwanni. In suna gabas aka kira su yamma, sai sun ɗauki lokaci. Ranar Litinin da Juma'a, da babbar kasuwar Maraɗi ke ci, aikin rana ya kan janye hannu da yawa. In ba a bayyana ma jama'a wannan ba, sai su ce raini ne ko ƙin aiki. In kuma da gaske akwai sakaci, ba za su iya bambanta shi da ƙarancin ma'aikata ba. Bayani yana kare ɗan sanda mai gaskiya daga zargi, yana kuma hana malalaci wurin ɓuya.

Abin da ya kamata a sanar da jama'a

Na farko, kowace unguwa ta san kwamisariyarta, da inda take, da sunan kwamishinan da ke riƙe da ita. In an yi canji, a faɗa.

Na biyu, lambobin kira. Lamba 17 ta ƴan sanda ce, lamba 18 ta masu kashe gobara ce. In kwamisariya tana da tata lamba ta salula, a rubuta ta da manyan baƙaƙe a ƙofar mai unguwa, da tasha, da gidan likita.

Na uku, hali na ma'aikata da kayan aiki: an ƙaro mutane bana ko an rage? Akwai motar sintiri mai lafiya? Ana shirin buɗe sabon ofishi a unguwannin nesa? Ko ba a faɗi adadi ɗaya bayan ɗaya ba, ana iya faɗin inda aka dosa.

Na huɗu, irin laifin da ya yi yawa a wannan wata, da wurin da ya fi faruwa: satar babura ce, ko fasa shaguna, ko yankan aljihu a kasuwa, ko masu damfara ta tarho. Wanda aka gargaɗa ya kan ɗaure kayansa.

Na biyar, kayan da aka kama. Babur ko akuya ko salula da aka karɓe daga hannun ɓarawo ba su da amfani a ajiye in mai su bai ji ba.

Na shida, kuɗi. A manna takarda a bango mai nuna abin da ake biya da abin da ba a biya. Wanda aka ci tara, a ba shi resi. Kuɗin da ba resi bai shiga baitulmali ba.

Na bakwai, haƙƙin wanda aka tsare. A laifuffukan yau da kullum, awa 48 ne ake riƙe mutum a kwamisariya don bincike. Ba a ƙara wa'adi sai da iznin mai gabatar da ƙara na gidan shari'a. Ta'addanci da wasu manyan laifuffuka suna da nasu wa'adi dabam. Mata da yara kuma su sani akwai sashen ƴan sanda da aka keɓe don kare su.

Abin da ba a faɗa

Kada mu wuce gona da iri. Akwai abin da in aka yi shelarsa, ɓarawo ne zai fi kowa murna. Ba a faɗin lokacin da sintiri zai fita, ko hanyar da zai bi. Ba a faɗin sunan wanda ya kawo labari. Ba a baza sirrin binciken da ba a gama ba. Ba a kuma nuna wanda ake tuhuma kamar an riga an yanke masa hukunci, don alƙali ne kaɗai ke cewa wane mai laifi ne. Ku ma, in kun ga motar jami'an tsaro ta wuce, kada ku ɗauki hotonta ku watsa a WhatsApp.

Ta wace hanya labari zai iso?

Hanyoyin suna nan, ba sai an ƙirƙiro ba. Akwai mai unguwa. Dokar 2015 da ta tsara sarautar gargajiya ta sa shi cikin masu taimaka ma hukuma. Yana sasanta rigimar gida da ta maƙwabta, amma sata da rauni da kisa sai ya miƙa su gaba. Akwai mai shela. Akwai limamai bayan salla, da shugabannin ƴan kasuwa, da na ƴan kabu-kabu, da ƙungiyoyin mata, da fadojin matasa inda ake shan shayi har tsakar dare. Akwai gidajen rediyo na jaha da na gari.

Abin da ake bukata shi ne a tsayar da lokaci. Ko sau ɗaya a wata uku, kwamishina ko wakilinsa ya zauna ƙofar mai unguwa, ya yi bayani da harshen da mutane ke ji, ya saurari koke. A samu mai rubutu ya riƙe abin da aka faɗa, don a zama na gaba a duba abin da aka cika da abin da ya saura. Nan ne amfanin karatunku zai fito, ɗalibai. Ma'aikatar magajin gari ma tana da hannu a ciki, don fitilar titi da gyaran lungu suna rage ma ɓarawo mafaka.

Namu rabo

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an yi maka sata, je ka kai ƙara ko da kana ganin ba za a samu kayan ba. Da yawan ƙarar da aka rubuta ne kwamishina ke nuna ma manyansa cewa unguwa kaza tana bukatar ƙarin mutane. Unguwar da ta yi shiru, a takarda lafiya lau take. Ka ajiye takardun babur ɗinka, ka rubuta lambarsa a wani wuri dabam. In ka kira 17, faɗi sunan unguwa da wata alama sananniya, kamar masallaci ko lakwal ko famfo. Ku hana yara kiran wannan lamba don wasa, domin mai neman ceto yana iya samun layi a toshe.

In kun kama mutum yana cikin sata, doka ta yarda ku riƙe shi ku miƙa ma hukuma. Ba ta yarda ku duke shi ba, balle ku kashe. Wanda ya yi haka shi ma ya zama mai laifi, zai tsaya gaban alƙali. Matasan da ke gadin dare kuma su yi shi da sanin mai unguwa da kwamisariya.

Tambayoyi don tattaunawa

Malamai, bayan an kashe rediyo ku tsaya da ɗalibai a kan waɗannan. Wace kwamisariya ko wane birgadi ke kula da wurin da kuke zaune? Mutum nawa cikinku suka san lambar da za su kira da dare? Yaushe rabon da wani jami'i ya zo unguwarku ya yi bayani? Wane ne cikinku zai kai ma mai unguwa wannan shawara kafin Juma'a mai zuwa?

Ku rubuto muna amsoshinku da hannunku, za mu karanta su a shiri na gaba. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.