Ina Zauren Talaka a Ginin Gwamnati?

 Yau daga Badarawa nake magana, kuma kan gini za mu tattauna.

Kwanaki na kai takardar koken matasan unguwarmu wani ofishin gwamnati. Awa biyu muna tsaye a rana a bakin get, ba benci, ba inuwa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce, "Ɗana, ko gidan talaka yana da zaure." Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai.

A ginin Hausa, zaure ne wurin da baƙo zai yi sallama ya zauna, a saurare shi. A nan ake sulhu, a nan ake shawara. To me ya sa ginin da aka yi da kuɗinmu yake fara tarbar mu da katanga da waya?

Ku dubi Lugard Hall. Nan majalisar Jihar Arewa ta zauna zamanin Sardauna, yanzu kuma majalisar dokokin Jihar Kaduna. Kubbarsa kowa ya san ta, amma sunan gwamnan mulkin mallaka yake ɗauke da shi. Mu nawa ne muka taɓa shiga muka ga yadda wakilanmu ke muhawara?

A Jamus, da aka sake buɗe ginin majalisarsu a Balin a 1999, kubbar gilashi aka ɗora masa. Jama'a na hawa, 'yan majalisa na ƙasansu. Saƙon a fili yake: mai zaɓe ne a sama.

Mu ma muna da abin gado. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara tun ƙarni na 19. Sai dai fa Kaduna ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Ƙananan hukumomi 23 gare mu. Bagwari, Bajju da Atyap kowa ya kamata ya ga kansa a jikin ginin. Manna dagin Arewa a bango bai wadatar ba.

Don haka duk sanda aka ce za a gina sakatariya ko kotu, mu nemi ganin zanen tun kafin a sa harsashi. Mu tambaya: ina inuwa, ina hanyar mai keken guragu, ina zauren jama'a?

Ku faɗa min, wane ofishi kuka taɓa shiga kuka ji naku ne? Sai mun haɗu a shiri na gaba.