Jawabi ga Matasanmu Masu Gudun Dogon Zango: Yadda Ake Hawan Jigawa

Muna gaida iyayenmu da dattawan wannan ƙungiya, da 'yan'uwa na Hausari a Nguru da na Sabon Gari da Zango a Gashuwa. Allah ya saka da alheri.

Jama'a, akwai ƙorafin da muke yawan ji a bakin samarinmu masu tsere da masu shirin gwajin shiga soja. Wai yaran Filato sun fi su numfashi don su a kan duwatsu suka tashi, mu kuwa ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai. Gaskiya ne ba mu da dutse. Amma muna da jigawa, kuma duk wanda ya taɓa zuwa wajen Yusufari ya ga tuddan rairayin Tulo-Tulo ya san hawa ne na sosai. A irin wannan rairayi ne Percy Cerutty ya horar da Herb Elliott a Portsea ta ƙasar Ostireliya, har Elliott ya ci zinare a tseren mita 1,500 a gasar Olamfik ta Rum a 1960. Wani bincike da aka buga a 1998 ya nuna gudu a kan rairayi yana cin ƙarfi kusan ninki 1.6 na gudu a kan ƙasa mai tauri. To, kun ga abin horo yana nan. Yadda za a hau shi ne magana.

Kuskuren da muka fi gani shi ne yaro ya tunkari tudu yana buɗe ƙafa, yana dogon taku, wai don ya gama da wuri. Sai ƙafar ta sauka can gaba da jikinsa, diddige ya nutse, rairayi ya zame, kafin rabin hawa ya tsaya yana haki. Ku dubi direban babbar mota in ya zo gangare zai haura: giya yake ragewa, inji bai daina juyawa ba. Haka mai gudu. A rage tsawon taku, kada a rage yawansa. Ƙafa ta sauka a ƙarƙashin ƙugu, a kan gaban tafin, ta tashi da sauri tun rairayi bai haɗiye ta ba. Jiki ya ɗan karkata gaba tun daga idon sawu, ban da duƙawa kamar mai shema, don duƙawa tana matse ƙirji. Hannuwa su riƙa kai da komo a lanƙwashe, su ne makaɗan ƙafa, in sun yi sauri ita ma za ta bi.

Yawan takun nawa ne? A gasar Olamfik ta Los Anjalis a 1984, wani mai horarwa ɗan Amurka, Jack Daniels, ya ƙirga takun manyan 'yan tsere, ya tarar kusan dukkansu suna yin 180 ko fiye a minti ɗaya. Amma fa zakaru ne cikin gasa, kada wani ya mai da shi farilla. Kowa ya ƙirga nasa: sau nawa ƙafar dama ta taɓa ƙasa cikin daƙiƙa 30, sai a ninka sau 4. Wanda ya samu 160, ya nemi 168 tukuna, a hankali cikin makonni.

Gangarowa kuwa ta fi ɓata gwiwa, musamman in an dawo kan titi. Kada a jingina baya ana taka birki da diddige. Taku gajere, mai sauri.

Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. A fara da hawa 4 na daƙiƙa 30, a sauko da tafiya. A fita bayan sallar asuba da ruwa a gora, domin zafin Afrilu a nan ba abin wasa ba ne. Masu cewa Abebe Bikila ba takalmi ya ci tsere a Rum, mu dai mun san babu ƙarangiya a titin Rum.

Roƙo ɗaya daga dattawa: inda aka dasa itatuwa don tare rairayi daga gonakin maƙwabtanmu Manga da Bade, a kauce wa wurin, a nemi izinin mai unguwa kafin a shiga.