Ƙunar Yara: Minti Ashirin Ɗin Farko

Bulama, malamai, iyayenmu mata na Umarari, da abokan aikina ma'aikatan lafiya, na gode da gayyata. Lokaci kaɗan ne, don haka zan faɗi abin da ya kawo ni.

Na daɗe ina sa-in-sa da abokan aikina kan magana ɗaya. Duk taron da aka yi kan ƙuna, sai a ƙare da roƙon gini da na'urori da likitocin dashen fata. Ba na ƙin ko ɗaya. Amma kafin yaro ya isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, an riga an yanke rabin hukuncinsa a tsakar gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a shekara, akasarinsu a ƙasashe irin namu. Idan aka ce ƙuna, hankalinku na tafiya ga gobarar sansanin Muna ko tankar man da ta fashe a Majiya a 2024. Abin da ya fi kawo mana ƙananan yara kuwa ruwan zafi ne: tukunyar kunu a kan murhu a ƙasa, man suyar ƙosai, shayi, garwashin jin ɗumi da hunturu, da kuma tukunyar wankan jego. Uwa na fama da jariri, yayan da aka yaye yana yawo babu mai lura, ga ruwa na tafasa safe da yamma har kwana arba'in.

Fatar yaro ba ta da kauri. Ruwan da zai sa babba ya yarfe hannu kawai, shi ratsa shi yake yi. Auna girman ƙunar da tafin hannun yaron har yatsu: wannan kusan kashi 1 cikin 100 na jikinsa ne. In ƙunar ta kai tafi goma, sai an yi masa ƙarin ruwa, domin ruwan jiki ta wurin yake tsiyayewa.

Yanzu ga inda nake so ku saurara. Bayan an janye yaro daga tukunya, zafin da ya shiga nama bai daina cin sa ba, kamar yadda ɗanwake ke ci gaba da dahuwa bayan an tsame shi. Ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara a wurin tsawon minti 20, shi ke tsayar da wannan. Yana rage zurfin ciwo, yana rage buƙatar dashen fata, kuma ko an makara yana da amfani har cikin awa uku. Minti ashirin cur, ba a watsa kofi ɗaya a ruga neman Keke Napep ba. A cire rigar da ta jiƙe, a lulluɓe sauran jikin kada sanyi ya kama shi.

Me muke gani a maimakon haka? Ɗanyen ƙwai, man goge baki, manja, baƙin mai, gishiri, gashin zomo. Na taɓa shafe fiye da awa guda ina tsince gashin zomo daga bayan wata yarinya, tana ihu, kakarta na tsaye tana jin haushina. Waɗannan ba sa fitar da zafi, ƙwayoyin cuta suke shigarwa, kuma ruɓewar ciwo ce ke kashe yaro a mako na biyu. Wanda ya tsira, sau da yawa yatsu sun manne ko gwiwar hannu ta ƙandare.

Ana ce mini babu famfo. Akwai buta, akwai jarka, akwai 'yan ga-ruwa a kowane lungu. Wasu kuma su ce ruwa ke tayar da bororo. Ƙunar ce ke tayar da shi.

Roƙona tsoho ne. A koya wa ungozomomi wannan magana ta kwarara ruwa minti ashirin, su faɗa a kowane gidan suna. Limamai su ba shi minti biyu a huɗubar Juma'a kafin hunturu ya shiga. Magidanta kuma, bulo shida da ɗan siminti sun isa a kewaye murhu. Bulama, ina so mu fara da layinka.