KUƊIN CIZO: ILLARSA GA LAFIYA DA HANYAR MAGANCE CIZONSA

 

Ya ku 'yan'uwa maza da mata, maudu'inmu na yau shi ne wani ƙwaro da da yawanmu ke jin nauyin ambatonsa, wato kuɗin cizo, wanda wasu ke kira gazunzumi. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, cizon ƙwaron nan shi kaɗai ƙaramar cuta ce. Babbar ɓarna tana zuwa ne daga abin da muke yi da hannuwanmu bayan ya cije mu.

Da farko ya kamata mu san shi. Tsawonsa kimanin milimita 5 ne, ba ya tashi, ba ya tsalle. Da rana yakan ɓuya a ɗinkin katifa da tsagar gado da bango da saƙar tabarma, da dare ɗumin jiki da numfashin mai barci su jawo shi. A yawunsa akwai abin da ke kashe zafi da abin da ke hana jini daskarewa, shi ya sa yakan yi 'yan mintoci yana sha ba a farka ba. Macen tana yin ƙwai ɗaruruwa a rayuwarta, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10, kuma babban yana iya yin watanni bai ci ba. Saboda haka rufe ɗaki na mako biyu ba ya kashe shi.

Mas'ala ta biyu, mece ce illarsa? Alamar cizon ita ce ƙuraje masu ƙaiƙayi, sau da yawa a jere ko a cure, a wuya da hannu da ƙafa. Wani su fito masa cikin sa'o'i, wani sai bayan kwanaki, wani ba ya ganin komai. Har yau likitoci ba su tabbatar cewa yana ɗaukar cuta daga wani zuwa wani kamar yadda sauro ke ɗaukar zazzaɓi ba. To amma susa da farce na fasa fata, ƙwayoyin cuta su shiga, wurin ya yi ruwa ko mugunya. Idan ya yi yawa ƙwarai ya daɗe, yana iya jawo ƙarancin jini, musamman ga yara da tsofaffi. Ga kuma rashin barci da damuwa, ɗalibi ya wuni yana gyangyaɗi a aji, malami ya zaci lalaci ne.

Mas'ala ta uku, magani. Yawancin cizon yana warkewa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a yanke wa yara farce. Idan ƙaiƙayi ya tsananta, a shafa man hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100 ko ruwan calamine, ko a sha maganin ƙaiƙayi irin chlorpheniramine da shawarar ma'aikacin lafiya, tare da sanin cewa yana sa barci. Idan wurin ya kumbura ya yi zafi, ko ya fara mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya, a tafi asibiti. Idan kuwa leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, to, wannan gaggawa ce, kada a jira gari ya waye.

Mas'ala ta huɗu, wadda ita ce mafi hatsari, ita ce guba. A tsakiyar ƙarni na 20 maganin DDT ya kusa kawar da ƙwaron a ƙasashe da yawa, amma daga shekarun 1990 ya dawo, ya kuma saba da yawancin magungunan feshi. Idan feshi bai ci ba, sai mutum ya koma ga fiya-fiya da Sniper, waɗanda asalinsu maganin gona ne, ko kalanzir da fetur, ko ƙwayar da ake sa wa hatsi a rumbu. Ƙwayar nan tana fitar da iska mai kisa wadda ke ratsa ƙofa da tsagar bango. A 2015 yara biyu 'yan gida ɗaya sun rasu a Kanada ta wannan hanya, a 2021 kuma wata yarinya mai shekara 11 ta rasu a Landan saboda maƙwabciya ta sa irin wannan guba don kashe kuɗin cizo. Shin hankali zai yarda a sayar da ran yaro saboda ƙaiƙayi?

Abin da ƙwaron bai saba da shi ba shi ne zafi. A wanke zannuwa da tufafi da ruwan da ya kai digiri 60, a yi musu guga, a kwarara tafasasshen ruwa a tsagar gado, a toshe ramukan bango, a janye gado daga jikinsa. Shanya katifa a rana na taimakawa, amma ba ya isa shi kaɗai. A maimaita aikin bayan kwana 10 saboda ƙwan da ya tsira. In feshi ya zama dole, a kira wanda ya san aikin, a fitar da iyali da abinci.

Daga ƙarshe, mu daina ɗaukar kuɗin cizo a matsayin shaidar ƙazanta ko talauci. A 2023 hukumar kula da lafiya ta Faransa ta bayyana cewa fiye da gida 1 cikin 10 a ƙasar sun yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022. A jakar matafiyi yake shigowa, da gwanjo, da tsohuwar katifa, da akwatin ɗalibin makarantar kwana. Wanda ya ɓoye shi don kunya ya ba shi lokacin yaɗuwa zuwa ɗakin maƙwabci. Muna kira ga magidanta da shugabannin makarantun kwana da su riƙa duba shimfiɗu, su sanar da juna, su yi aikin rana ɗaya tare.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya kare mana zuriyarmu.